Boga, Sanwic ɗin Kaza da Tukunyar Gida: Me Ke Ciki, Wa Ya Yanka?

 

'Yan'uwa masu karatu, akwai tambayar da ɗalibai suka yawaita yi, musamman yaranmu na Jami'ar Parakou da na makarantun sakandare a Djougou. Suna cewa: "Malam, tsakanin boga da sanwic ɗin kaza, wanne ya fi?" Galibi mai tambayar ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa kaza ta fi, don ya ji an ce farin nama ya fi jan nama sauƙi a jiki, kuma a ganinsa kaza ba ta da shubuha. Zatonsa na farko yana da gaskiya rabi. Na biyun kuwa akwai gyara babba a cikinsa.

Ga dattawan da ba su san abin ba: boga niƙaƙƙen naman sa ne da ake mulmulawa a daɓe shi kamar waina, a gasa ko a soya, a sa shi tsakanin ɓari biyu na burodi tare da albasa, tumatir, cuku da mayonez. Sanwic ɗin kaza shi ma haka yake, sai dai tsokar kaza ce a ciki, kuma yawanci ana birkima ta a fulawa a soya cikin mai mai yawa. Sayar da boga a jere, cikin gaggawa, ya samo asali ne daga Amurka. Kamfanin White Castle ya fara a 1921, 'yan'uwan nan biyu masu McDonald's kuma suka fito da tsarin dafawa da sauri a 1948. Har yau McDonald's ba shi da reshe a Benin ko Najeriya. KFC ya buɗe a Legas a 2009, sannan a Accra a 2011. Abin da muke gani a garuruwanmu na arewacin Benin ƙananan shaguna ne masu kwaikwayo, boga a gefe, shawarma a gefe, lemo mai sanyi a firij.

Asalin abin halal ne, kada wani ya haramta wa mutane abin da Allah bai haramta ba. Haɗa gurasa da nama ba sabon abu ba ne a Musulunci, domin tharid, abincin da Annabi (SAW) ya yaba, gurasa ce da ake farfasawa a romon nama. Cin kaza ma ya tabbata daga gare shi a hadisin Abu Musa al-Ash'ari wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Abincin kan hanya kuma mu 'yan Zongo ba a koya mana shi. Kakanninmu fatake da suka riƙa bi ta Djougou daga Kano zuwa Salaga neman goro, da kilishi da ƙuli-ƙuli da fura suka yi tafiyarsu. Tsiren da mutanen ƙasar nan suke kira cacanga a hannun Hausawa suka san shi. Masa, ƙosai, tubani, duk abincin gaggawa ne. Malaman da can sun lissafa ci a kasuwa cikin abubuwan da ke zubar da mutunci, amma sun rataya wannan ga al'adar kowane gari, kuma al'ada ta sauya.

To ina matsalar take? A aya ta 168 ta Suratul Baƙara, Allah Maɗaukakin Sarki ya haɗa siffofi biyu ga abin da ya umarce mu mu ci: ya zama halal, ya kuma zama ɗayyib, wato mai kyau, mai tsarki, marar cutarwa. Da waɗannan ma'aunai biyu za mu auna abincin nan uku.

Mu ɗauki halacci tukuna, don nan ne aka fi sakaci. Idan ka tsaya gaban mai tsire, kana ganin tsokar da idonka, ka san mahaucin, watakila sahu ɗaya kuke yi a masallaci. Niƙaƙƙen nama kuwa ya ɓoye asalinsa. A watan Janairun 2013 hukumar kula da lafiyar abinci ta ƙasar Ireland ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi wa nau'i 27 na bogar da aka rubuta wa "naman sa". Ta sami burbushin doki a cikin 10, burbushin alade a cikin 23. Mafi yawansu ɗan kaɗan ne ainun, irin wanda ke makalewa a injin niƙa, amma a cikin ɗaya naman doki ya kai kusan kashi 29 cikin ɗari. Wannan fa a Turai ne, inda ake da ɗakunan gwaji da masu bincike. Naman doki malamai sun yi saɓani a kansa: Shafi'iyya da Hanabila sun halatta, mashahurin zance a mazhabarmu ta Malikiyya kuwa shi ne hanawa. Alade babu saɓani. Saboda haka tambayar da za ka yi wa mai boga ita ce, naman nan a ina aka saya, kuma a wane inji aka niƙa? Idan daga mahautan garin ya sayo ya niƙa da kansa, alhamdu lillahi, ci abinka.

Kaza kuwa, wadda ake ganin ta kuɓuta, ita ce ta fi buƙatar bincike a ƙasarmu. Shekaru da yawa tashar jiragen ruwa ta Kwatano tana cikin manyan ƙofofin shigowar daskararrun kaji a Afirka ta Yamma, daga Turai da Brazil, wani kaso mai yawa kuma yana tsallakawa Najeriya ta ɓarauniyar hanya saboda can an hana shigo da su. Mutanen kudu har laƙabi suka yi musu da Faransanci, wai kajin mutuware, yayin da kazar gida suke ce mata mai keke. A 2023 gwamnatin Benin ta sanar da cewa za ta hana shigo da daskararrun kaji da ƙwai daga ƙarshen 2024 domin ƙarfafa masu kiwo na cikin gida. Mai shago dai a kullum abin da ya fi araha da laushi yake nema, don haka tambayar asalin kazar tana nan a wuyan mai saye.

Me ya sa muke damuwa, alhali aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta mana yankan Ahlul Kitabi? Saboda abin da aka halatta yanka ne. A mazhabar Malikiyya yanka shi ne a katse maƙogwaro da manyan jijiyoyin wuya biyu, ta gaba, da niyya, da ambaton sunan Allah, kuma dabbar tana da rai. A manyan masana'antun kaji ana rataye su ta ƙafa a kan sarƙa mai tafiya, a tsoma kawunansu cikin ruwa mai lantarki ko a shaƙa musu iskar gas don su sume, sannan wuƙar inji ta bi ta wuyansu. Wadda ta mutu kafin wuƙa ta same ta mushe ce, ko wa ya kunna injin. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta tattauna wannan, ta kuma yanke cewa bai halatta a sumar da kaji da lantarki kafin yanka ba, domin an gwada an ga da yawansu suna mutuwa. Na san ɗaliban ilimi za su kawo fatawar Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya na Andalus, wanda ya yi sauƙi game da kazar da Banasare ya murɗe wa wuya. Fatawar tana nan a littafinsa, amma jumhurun malamai, har da na mazhabarsa, ba su bi shi a kanta ba.

Kada kuma a faɗa waswasi. Nana A'isha (RA) ta ruwaito, a Sahihul Bukhari, cewa wasu sun tambayi Annabi (SAW) game da naman da sababbin shiga Musulunci ke kawo musu, ba su sani ba ko an yi bisimilla a kansa, sai ya umarce su su yi bisimilla su ci. Wannan yana nuna yankan Musulmi ana ɗaukarsa a kan inganci, ba a bin diddigi. Amma hadisin bai ce bisimillar mai ci tana halatta mushe ba, kamar yadda wasu ke fassarawa don su huta. Kwalin da ya zo da tambarin halal daga hukumar da aka sani, ko kazar gonar da Musulmi ya yanka a nan Parakou, ba laifi. Kwalin da babu komai a jikinsa, barinsa ya fi. Tambaya ɗaya cikin ladabi ta isa, kuma masu shago idan suka ga ana yawan tambaya za su gyara, don ciniki suke so.

Sai ma'auni na biyu. Gaskiya ne tsokar kaza gasasshiya, ba fata, ta fi jan nama ƙarancin kitse. Amma da zarar an lulluɓe ta da fulawa an nutsa a mai an shafa mayonez, ta kamo boga a maiƙo da gishiri, wani lokaci ta wuce ta. Ɗauki Big Mac a matsayin misali, tunda kamfaninsa yana wallafa abin da ke ciki: a Amurka yana ɗauke da kalori sama da 500 da gishiri kimanin giram biyu da rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi. Ka ga rabi ya tafi a zama ɗaya, ba a sa soyayyen dankali ba. Kwalbar kola ta santilita 33 kuma tana da sukari kusan giram 35, alhali iyakar da hukumar ta ba baligi ba ta wuce kimanin giram 50 a yini. Mai hawan jini da mai ciwon suga su lura da wannan lissafi. Ga kuma matsalar da ta shafi wurinmu: mayonez da niƙaƙƙen nama ba sa jure zafi, idan wuta ta ɗauke firij ya huce, su ne farkon lalacewa, kuma niƙaƙƙen nama dole ya dahu har tsakiya.

Yanzu dubi abin da uwargida ke ɗorawa ba tare da wani shiri ba. Shinkafa da wake da karan dafi, wadda ake kira wace a nan. Wasa-wasa na garin busasshiyar doya. Sakwara da miyar gyaɗa. Tuwon dawa da miyar kuka da daddawa. Wagashin Fulani, wanda ake daskarar da madararsa da tumfafiya, yana maye gurbin nama ranar da babu. Wake da hatsi idan suka haɗu suna gina jiki, ganye yana gyara ciki, kuma irin wannan abinci yana riƙe mutum har la'asar, saɓanin farin burodi da lemo da ke tayar da yunwa bayan awa biyu. Babbar falalarsa dai ita ce an san abin da aka zuba da wanda ya zuba.

Sai dai iyayenmu mata su yi mini haƙuri, tukunyar gida ma tana da nata laifin. Dunƙulen magi huɗu ko biyar a miya ɗaya, sannan a bi da gishiri, alhali magin kansa mafi yawansa gishiri ne. Man da aka soya kifi jiya a soya doya da shi yau, gobe ƙosai, har ya yi baƙi. Malmalar tuwo uku ga mutumin da ke wuni zaune a shago. Hadisin Miƙdam bn Ma'adi Karib da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya raba ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, bai ware tuwo ya ce a cika da shi ba.

Akwai wani ɓangare da ya fi damuna fiye da kalori, shi ne haƙƙin iyali. Maigida ya bar wa matarsa kuɗin cefanen da bai kai ya kawo ba, da daddare ya tsaya a shago ya ci boga da lemo shi kaɗai, ya goge baki ya shigo yana cewa ya ƙoshi. Ya ɗauki kuɗin da ya biya ɗin nan ya shiga kasuwar Arzeke da su, ya ga wake da manja da kifi nawa za su saya wa gida duka. Ciyar da iyali wajibi ne gwargwadon hali, abin marmari kuwa mubahi ne, kuma ba a gabatar da mubahi a kan wajibi. Wanda Allah ya hore wa, ya saya ya kai gida a ci tare, ko ya kawo nama daga mahauci a niƙa a gabansa, uwargida ta yi wa yara bogarsu da albasa da tumatir, ta rage gishiri.

Ɗalibin da ke zaune a ɗakin haya, ba uwa ba mata, shi ne ya fi kowa uzuri, kuma shi ne shagunan suka fi kamawa. Ƙaramar tukunya da risho ko murhun gawayi sun ishe shi. Ya jiƙa wake da dare ya dafa da safe da shinkafa, ya yanka albasa, ya sa ɗan mai da yaji. Idan su uku ne ko huɗu a ɗaki, su haɗa kuɗi su riƙa karɓa-karɓa wajen girki. Ranar da jarrabawa ta matse shi dole ya saya a waje, ya zaɓi gasasshe a kan soyayye, ya ce a rage mayonez, ya sha ruwa a maimakon lemo, ya kuma tambayi inda kazar ta fito. Wallahu a'alam.