Kyanwa na fitsari a ɗaki? A dakata da ɗauko buhu

Duk wanda ya tashi a Yashe ko ƙauyukan da ke tsakanin Kusada da Kankiya ya san hukuncin da ake yanke wa kyanwar da ta fara fitsari a ɗaki. Ranar farko tsawa, ta biyu jifa da takalmi, ta uku a ce a nemo buhu. Mu yara da matasa kuma ake ba aikin, a ce mu kai ta bayan gari ko bakin titi mu saki. A garin da hanyar Funtuwa ta haɗu da ta Kano zuwa Katsina, manyan motoci na wucewa dare da rana, kowa ya san ƙarshen kyanwar da aka yar a bakin titi. Bayan 'yan makonni kuma sai gidan ya fara kukan ɓeraye sun huda buhun gero.

Ba mu ce ɓacin ran iyayenmu ba ya da dalili ba. Wari ne mai naci, ga kuma batun tsarki. Kyanwa ita kanta ba najasa ba ce, hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa ya nuna ana alwala da sauran ruwan da ta sha. Amma fitsarinta, a mazhabar Malikiyya da muke bi, najasa ne. Idan ya taɓa darduma ko tufafin salla sai an wanke. Sai dai addinin da ya ce a wanke, shi ne ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha har ta mutu, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim.

Abin da ya kamata mu fara tambaya shi ne me ya sa. Kyanwa dabba ce mai tsafta ta asali. Kakanninta kyanwoyin daji ne na busassun ƙasashen Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, waɗanda suka matso kusa da mutane lokacin da aka fara noma da tara hatsi, don ɓeraye sun taru a wurin. A tsibirin Sayifurus an tono wani kabari mai kimanin shekara 9,500 da aka binne mutum da kyanwa a gefensa. Tun daga wancan zamani ɗabi'arta ba ta sake ba: ta tona ƙasa mai laushi, ta yi, ta rufe. Ba wanda ya koya mata. To idan ta bar wannan ta koma kan katifa, akwai abin da ya hana ta.

A yankinmu dalili mafi yawa mu ne muke jawo shi. Da can tsakar gida yashi ne, ƙofa kuma asabari ko labule, kyanwa ta fita lokacin da ta so. Yanzu siminti da tayil sun rufe ko'ina, ƙofofi na ƙarfe ne. Da kaka ta yi aka shigo da amfanin gona, sai a kulle ta a ɗakin ajiya ko shago tun daga isha har hantsi don ta yi gadin ɓera. Da hunturu ma haka, a rufe ɗaki ruf saboda sanyi tana ciki. Awa goma sha biyu babu hanyar fita, babu ko tafin yashi. Me za ta yi? Za ta nemi abin da ya fi kama da ƙasa a ƙarƙashin ƙafarta: tarin gero ko wake da aka zube, tulin wanki, ko bargo. Ta yi sau ɗaya, hancinta kuma ya fi namu nesa ba kusa ba, don haka ko mun goge mun daina jin wari, ita tana ji, kuma a wurinta nan ya zama makewayi.

Akwai wani nau'in daban, wanda aikin muzuru ne galibi. Ku lura da yadda ya yi. Idan ya tsuguna ya yi da yawa a ƙasa, fitsari ne na buƙata. Idan kuwa yana tsaye, ya juya baya ga bango ko ƙofa, jela a sama tana karkarwa, ya fesa kaɗan, wannan shaida ce yake sawa don sauran muzurai su san yankinsa ne, mata kuma su san yana nan. Fitsarin muzuru ya fi wari saboda wani sinadari mai suna felinin da ya fi yawa a jikinsa. Yakan ƙara yin haka idan baƙon muzuru na haurowa ta katanga. Duka ba ya hana wannan, fiɗiya ce ke rage shi, kuma likitocin dabbobi sun ce a cikin muzurai goma da aka yi wa, kusan tara sukan daina ko su rage sosai. Aikin likita ne, ba na wanzami ko abokin da ya taɓa ganin an dandaƙe bunsuru ba.

Na ukun shi ne wanda ya fi ba mu tsoro, don an fi yi masa kuskuren fahimta. Kyanwar da ta saba fita waje, kwatsam ta fara ɗiga fitsari kaɗan-kaɗan nan da can, tana kuka in ta tsuguna, tana yawan lasar gabanta, ko aka ga jini a ciki, ba iskanci take ba, ciwon mafitsara ne. Ga muzuru abin ya fi haɗari, domin hanyar fitsarinsa siririya ce, tana iya toshewa gaba ɗaya. Muzurun da ke yunƙuri babu abin da ke fita zai iya mutuwa cikin kwana biyu ko uku. Ranar da aka ga haka a nemi malamin dabbobi, wanda ake kira idan tunkiya ko sa ba lafiya, shi zai ce ko sai an kai asibitin dabbobi a Katsina. Jami'ar Ahmadu Bello ma na da asibitin koyarwa na dabbobi a Zariya. Kada kowa ya ce bari ya taimaka da farasitamol. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa shi.

In lafiyarta ƙalau, maganin bai kai kuɗin katin waya ba. A Amurka sai a 1947 wani ɗan kasuwa mai suna Edward Lowe ya fara sayar da busasshen yumɓu a jakar takarda don kyanwoyin da ke zaune a cikin gida, yau kuma babbar sana'a ce. Kafin nan yashi da toka suke amfani da su, mu kuwa ga yashi nan kyauta a kowane rafi. A samo tsohon baho ko a yanka jarka, mai faɗin da za ta iya juyawa a ciki, a zuba busasshen yashi zurfin ɗan yatsa. A ajiye a lungun da ba hayaniya, nesa da kwanon abincinta, a cikin ɗakin da take kwana. Kyanwa biyu, baho biyu ko uku, don ba su son tarayya. Bayan ta ci abinci a ɗauke ta a hankali a sa ta a ciki, da ta ji yashi a ƙafa ta gane.

Inda ake faɗuwa shi ne kwashewa. Baho mai datti kyanwa ba ta komawa cikinsa. A kwashe kullum da ɗan cebur ko marfin gwangwani, a sake yashin duk mako, a wanke hannu da sabulu. Wannan aikin namu ne, kada a bar wa Inna ko Yaya in suna da juna biyu, saboda kashin kyanwa na iya ɗauke da ƙwayar cutar tokzoplazma mai illa ga ɗan tayi. Ƙwayar ba ta fara kama mutum sai ta kwana aƙalla ɗaya a waje, shi ya sa kwashewar kullum take da muhimmanci.

Wurin da ta ɓata kuma a fara tsane shi da tsumma, a wanke da garin sabulu, a zuba ruwan kal da aka sirka a bar shi ya ɗan jima, sannan a ɗauraye da ruwa zalla, wanda shi ne ke kawo tsarki. Darduma da katifa a shanya su a rana sosai. Kada a kwarara bilic irin su Hypo kai tsaye a kan fitsari, domin yana haɗuwa da amoniyar da ke ciki ya ba da iska mai ƙona ido da maƙogwaro, musamman a rufaffen ɗaki. Dettol da Izal ma guba ne ga kyanwa in ta taka ta lashe ƙafa. Bayan wurin ya bushe a ajiye kwanon abincinta a kai na 'yan kwanaki, ba ta son ɓata inda take ci. Hatsin da fitsari ya jiƙa kuwa a kwashe a zubar, buhuna a ɗora su kan katako a ɗaure bakinsu.

Dangwara mata hanci a cikin fitsarin, wanda wasu ke cewa shi ne horo, bai koya mata komai sai gudun mai yi. Ta koma yi a ƙarƙashin gado inda ba mai gani.

Wanda zai roƙi Baba a gida ya ƙara wa kyanwa mako biyu kafin a ɗauko buhu, ga hujjar da zai riƙe. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma ya fi tashi da rani, daidai lokacin da rumbuna da ɗakunan ajiya suke cike. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin shawarwarinta na korar ɓera daga gida, ta ambaci rufe hatsi da kyau, da nisanta juji, da ajiye kyanwa.