Dafa-dukan kudancin Amurka: Abincin rakiyar da ke ƙosar da baƙi

Daga watan Maris zuwa Mayu, da wuya a yi ƙarshen mako a jihar Luwiziyana ta Amurka ba a ga ƙatuwar tukunya tana tafasa a bayan wani gida ba. A ciki akwai jatan landen ruwan daɗi da suke kira crawfish, da masara, da dankalin turawa, da albasa, da tafarnuwa, da lemun tsami, da barkono mai yawa.

Idan ya dahu sai a tsane ruwan, a shimfiɗa tsofaffin jaridu a kan dogon teburi, a juye komai a kai. Babu faranti, babu cokali. Kowa ya tsaya ya sa hannu.

Bidiyon irin wannan cin ya yawaita a TikTok da Instagram, kuma ido yakan tsaya ne a kan jan jatan landen da ƙaguwa. Sai dai ba su ne ke cika cikin baƙi ba.

Ɓawo ya fi tsoka yawa

Tsokar da ake samu a jikin crawfish ba ta wuce kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyinsa ba, sauran duk kai ne da ɓawo. Shi ya sa masu shirya taron kan ware wa kowane baƙo kilo ɗaya da rabi zuwa biyu. Mutum zai daɗe yana ɓara yana ci, ya tashi da sauran yunwa.

Ga kuma tsada. Yawancin crawfish ana kiwonsa ne a gonakin shinkafa da ake cika wa ruwa bayan girbi. Fari da tsananin zafin da aka yi a 2023 sun kassara kiwon, farashi ya tashi, har Gwamna Jeff Landry ya ayyana dokar bala'i a kan sana'ar a watan Maris na 2024. A irin wannan shekara, mai gida da ya tara jama'a abincin rakiya ne ke rufa masa asiri.

Waɗanda ke shiga tukunya

Rakiya ta farko ita ce wadda ake dafawa tare. Ƙananan jajayen dankalin turawa ake fara zubawa saboda ya fi jinkirin nuna, sai masara da aka kakkarya, sannan jatan landen daga ƙarshe don 'yan mintuna kawai yake buƙata. Bayan an kashe wuta ana barin su su jiƙa a ruwan, a nan ne dankali da masara ke shan gishiri da yaji.

A gabar tekun Karolina ta Kudu da Jojiya ana yin makamancinsa da jatan landen teku. Sunansa Frogmore stew, daga wata unguwa a tsibirin St. Helena. Yajinsa bai kai na Luwiziyana zafi ba.

Masu sanyaya baki da masu cika ciki

Tunda barkono ya yi yawa, ana buƙatar abin da zai kwantar da harshe. Na gaba a nan shi ne kwaɗon kabeji da suke kira coleslaw: ɗanyen kabeji da karas a yanka siriri, a haɗa da mayonis ko ruwan khal da ɗan sukari. Wasu na ƙara yankakken kokwamba da tumatir. A ƙarshe a kawo kankana mai sanyi.

Masu cika ciki kuwa galibinsu daga garin masara suke. Akwai burodin masara da ake gasawa a kaskon ƙarfe. Akwai hushpuppies, ƙullun garin masara da albasa da ake sakawa a tafasasshen mai, wanda duk mai ganinsa zai ɗauka ƙosai ne. Akwai kuma burodi mai tafarnuwa da bota na dangwalar romo, da taliyar makaroni da aka gasa da cuku, wadda yara suka fi so.

Sawun Afirka a kan teburin

Wasu daga cikin abincin rakiyar ba baƙi ba ne ga mai karatu. A tsibiran gabar Karolina da Jojiya akwai al'ummar Gullah Geechee, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. An nemi da yawa daga cikinsu ne saboda sun iya noman shinkafa, kuma guminsu ne ya gina arzikin gonakin shinkafar yankin. A 2006 majalisar dokokin Amurka ta keɓe yankin nasu a matsayin wurin adana al'adun gargajiya.

Jar shinkafarsu da ake dafawa da tumatir da albasa 'yar'uwar jalof ce. Hoppin' John, wanda ake ci musamman ranar sabuwar shekara, wake da shinkafa ne, kamar dai garau-garau. Waken nasa shi ne farin wake mai baƙin hanci, wanda asalinsa Afirka ne, kuma har yau Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noma shi.

Haka kuɓewa, wadda suke birgima a garin masara su soya, ko su zuba a miyar gumbo. Ita ma kankana asalinta Afirka ne.

Abin lura kafin a sa hannu

Ga Musulmin da aka gayyata irin wannan taro, ɗalibi ne ko matafiyi, matsalar ba a jatan landen take ba, domin mazhabar Malikiyya ta halatta abin da ke rayuwa a ruwa. Matsalar tana cikin rakiyar. Sosej ɗin da ake yawan zubawa a tukunyar, mai suna andouille, na naman alade ne, kuma romonsa na ratsa masara da dankali. Wasu ma na zuba giya a ruwan dahuwar.

Haka jar shinkafa da Hoppin' John da dafaffen ganye, a al'ada da ƙyafaffen naman alade ake ƙara musu ɗanɗano. Don haka sai an tambaya. Masu gujewa alade kan maye gurbinsa da sosej na naman shanu ko kaza, ko ƙyafaffen talotalo.

Wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande da ƙaguwa shi ma kada ya ci masara ko dankalin da suka fito daga tukunya ɗaya. Abincin da aka dafa daban ne ya dace da shi.

Kwaɗon kabeji mai mayonis kuma ba ya son rana. Ƙa'idar hukumomin kula da abinci a Amurka ita ce kada ya wuce awa biyu a waje, ko awa ɗaya idan zafi ya haura digiri 32 a ma'aunin Selshiyos. Shi ya sa ake ɗora kwanonsa a kan ƙanƙara, ko a bar shi cikin firji sai an juye tukunya a kan teburi.