Gizo Ya Koma Ƙarfe, Yana Gadin Bututun Mai

Gizo dai kowa ya san shi: mijin Ƙoƙi, sarkin wayo, wanda yara kan ji labarinsa da dare a bakin kaka. To, a hannun marubuciya Nnedi Okorafor, wadda aka haifa a Amurka a 1974 amma iyayenta Ibo ne, gizo-gizo ya zama na'urar ƙarfe mai ƙafa takwas.

Labarin nan nata gajere, mai suna "Spider the Artist", ya fara fitowa a 2008, daga baya ya shiga littafinta Kabu Kabu a 2013. A cikinsa gwamnati da kamfanonin mai sun zuba irin waɗannan na'urori a yankin Neja Delta don gadin bututu, duk wanda ya taɓa bututun kuwa sai su hallaka shi nan take. An laƙaba musu sunan Anansi, watau Gizon tatsuniyar mutanen Akan na Ghana. Akwai wata mata da mijinta ke jibga, wadda kan zauna bayan gida kusa da bututun tana kaɗa jita don ta sami sanyi a ranta. Ran nan sai ɗaya daga cikin na'urorin ta zo ta tsaya tana saurare. A hankali suka saba, har matar ta raɗa mata suna Udide, gizo-gizon almarar Ibo.

Abin lura shi ne yadda aka juya tatsuniyar. A dandali Gizo ƙaramin mai rauni ne da kan yi wa zaki da kura wayo ya ci. A nan kuwa masu ƙarfi ne suka ɗauke shi aiki, suka sa shi tsaron dukiyar da ke ratsa bayan gidan talaka. Wanda bai tashi da tatsuniya ba zai karanta labarin ya ga ƙarfe kawai, ba zai ji ɗacin wannan juyi ba.

Ba ita kaɗai ke wannan haɗi ba. Tun 2014 mujallar Omenana, wadda Mazi Nwonwu da Chinelo Onwualu suka kafa a intanet, ta buɗe wa marubutan Afirka ƙofar gajerun labarai inda dodanni da iskoki ke cuɗanya da kwamfuta da kumbo. Da Turanci ake yawancin wannan aiki, don haka mai karatun Hausa zalla ba ya cin moriyarsa.

Alhali kuwa Hausa ba baƙuwa ba ce a fagen. Tun a 1969, shekarar da mutum ya fara taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo ya ɗauki yaro Kilba ya zaga da shi sararin samaniya.