Kokawar Iska Da Guguwar Ruwa A Tekun Ƙarshen Duniya

Can kudancin duniya, bayan an wuce Afirka ta Kudu da nisa, akwai wata nahiya da ake kira Antatika wadda ƙanƙara ta lulluɓe. Teku ce ta kewaye ta, a cikin tekun nan kuwa akwai wani ruwa mai gudu kamar kogi, yana tafiya daga yamma zuwa gabas har ya zagaye duniya ya komo inda ya taso, ba wata ƙasa da ta tare masa hanya. Inda ya fi matsuwa shi ne Mashigin Direk, tsakanin wutsiyar Amurka ta Kudu da Antatika, mai faɗin kilomita 800 ko abin da ya yi kusa, watau kamar daga Ikko zuwa Kano a jirgin sama. Ruwan da ke wucewa ta nan ya ninka na dukan kogunan duniya fiye da sau 100.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne ruwan teku ba ɗaya ba ne daga sama har ƙasa. Hawa-hawa yake, mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a bisa, kamar yadda manja ke tasowa kan miya. Sanyi da gishiri su ke sa ruwa nauyi. Abin mamaki, kusa da Antatika ruwan da ke sama shi ya fi sanyi, amma gishirinsa kaɗan ne don narkakkiyar ƙanƙara ta tsinka shi. Na ƙarƙashinsa kuwa ya ɗan fi ɗumi, sai dai yawan gishiri ya danne shi.

To, da a ce tekun nan a kwance take, da hawan nan sun shimfiɗu kamar tabarmi bisa juna. Amma akwai wata iska mai ƙarfin gaske da ke busowa daga yamma rani da damina. Saboda juyawar duniya, iskar nan ba gabas kaɗai take kora ruwa ba, har tana tura ruwan sama zuwa arewa. Da na sama ya kauce sai na ƙasa ya taso ta wajen kudu ya maye gurbinsa. Ta haka hawan suka karkace kamar jinkar ɗaki, gefen kudu ya ɗago, gefen arewa ya nutse. Wannan karkata kuwa ita ce ke riƙe da gudun kogin.

Sai dai iska ba ta cin karenta babu babbaka. In karkatar ta yi tsanani sai kogin ya fara lanƙwashewa, wasu ɓangarorinsa su ɓalle su riƙa juyawa kamar guguwar bazara a fili, illa dai wannan guguwar ruwa ce, faɗinta kan kai kilomita gommai, ta kuma yi watanni ba ta mutu ba. Aikinta shi ne kai ruwan arewa mai ɗumi zuwa kudu, ta kawo mai sanyi arewa, watau tana ƙoƙarin kwantar da abin da iska ta tayar. Yadda hawan ke tsaye a yau, sakamakon kokawar nan ne.

An kuwa ga ƙarfin guguwar. Tun wajen 1970 iskar yamma ta yi ta ƙara ƙarfi, saboda ɓulewar rufin nan na sararin sama da ake kira ozon da kuma ɗumamar duniya. Masana suka zaci kogin zai ƙara gudu ƙwarai. Amma akwai wasu na'urori kimanin 4,000 na shirin Argo da ke yawo a tekunan duniya, suna nutsewa har mita 2,000, su taso bayan kwana 10 su aika da ma'aunin zafi da gishiri ta tauraron ɗan adam. A 2008 wasu masana a Jamus da abokan aikinsu suka gwada awon nan da na jiragen ruwa na dā, suka tarar ruwan ya ƙara ɗumi, amma karkatar ba ta sāke sosai ba. Ashe yawancin ƙarfin da iska ta ƙara, guguwa ce ke shanye shi.

Ina ruwan mazaunin Ikko ko Fatakwal da wannan? Akwai ruwansa. Na ɗaya, ruwan da ke tasowa yana nutsewa a tekun nan shi ke haɗiye kimanin kashi 40 cikin 100 na iskar kabon da tekuna ke kwashewa daga abin da injuna da masana'antu ke fitarwa, tare da zafi mai ɗimbin yawa. Na biyu, ruwan nan mai ɗumi na ƙasa, in iska da guguwa suka kai shi bakin nahiyar, yakan shiga ƙarƙashin ƙanƙara ya riƙa cin ta daga gindi. Haka ke faruwa ga wani makeken tsaunin ƙanƙara mai suna Tiwets a yammacin Antatika, wanda in ya narke duka teku za ta hau da kimanin santimita 65 a duniya. Wanda ya san yadda Obalende da Idumota suke dab da ruwa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake masana sun ce narkewar duka sai ta ɗauki shekaru ɗaruruwa.