Tumatir Mai Sheƙi, Guba A Ɓoye: Darasi Daga Kasuwannin Hartum

Tsibirin Tuti, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu, da lambunan Shambat, sun daɗe suna ciyar da Hartum da Umdurman da tumatir, kokwamba da ganyen jarjir. Sai dai kyan kaya a kasuwa ba ya nuna abin da aka fesa musu a gona.

Sudan tsohuwar hannu ce a feshi. Babban aikin noman auduga na Jazira, wanda aka fara a 1925, ya shafe shekaru ana fesa masa magungunan ƙwari irin su DDT, mai daɗewa a ƙasa da jikin mutum. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta taƙaita amfani da shi a duniya.

A lambu kuwa, matsalar ita ce gaggawa. Kowane magani yana da kwanakin da ya kamata a jira bayan feshi kafin a tsinki amfanin gona. Manomin da tsutsa ta addaba, irin wadda manoman Kano ke kira sharon, yakan yi feshi yau ya kai kasuwa gobe. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya ƙara raunana sa ido. Mu ma ba mu tsira ba: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari a cikinsa.

To, ina mafita ga maigida mai ƙaramin ƙarfi? Kayan da aka noma ba feshi sukan fi tsada, don haka a zuba kuɗin inda haɗari ya fi yawa: ganyen da ake ci ɗanye, tumatir, barkono da kokwamba, musamman a gidan da ke da mai juna biyu ko ƙananan yara. Ayaba, kankana, lemo da albasa, ɓawonsu da ake yarwa yana rage haɗarin.

Uwargida ta wanke kayan a ruwa mai gudu tana cuɗawa, ta cire ganyen waje, ta fere abin da ke feruwa. Jiƙawa a ruwan bekin soda na minti 15 yana rage maganin da ke bisa fata, amma wanda ya ratsa ciki ba ya fita da wanki. Abin da ke warin magani a bar shi.

Kada tsoro ya raba yara da kayan lambu, domin rashinsu ma cuta ne. A san manomi, a tambaye shi ranar feshinsa, kuma mai ɗan fili a tsakar gida ya shuka alayyahu da yakuwa. Allah Ya kare mana iyalanmu.