Ciwon huhun da ba ya jin maganin kashe ƙwayoyin cuta: su wa ya fi kamawa?

Akan samu mutum ya yi makonni yana fama da busasshen tari da zazzaɓi da haki, an ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta har sau biyu ko uku, amma shiru kake ji. A ƙasashenmu tunanin farko shi ne tarin fuka, wato tibi, kuma daidai ne a fara da shi. Sai dai akwai wani ciwon huhu da ba a cika samu ba, wanda likitoci masu aiki da Faransanci ke kira “pneumopathie organisée cryptogénique”, a taƙaice POC.

A cikin huhu akwai 'yan ƙananan jakunkuna da iska ke shiga. Idan suka ji rauni, jiki kan gyara su. A wannan ciwon gyaran ne ke wuce gona da iri, sai wani ɗanyen nama ya tsiro ya toshe jakunkunan da ƙananan hanyoyin iska. Ba ƙwayar cuta ce ke aikin ba, shi ya sa maganin kashe ƙwayoyi ba ya tasiri, kuma ba a ɗaukar ciwon daga wani. Likitoci a Ingila ne suka raɗa masa wannan suna a 1983, sannan a 1985 likitan Amurka Gary Epler da abokan aikinsa suka bayyana shi da sunan BOOP.

Kalmar “cryptogénique” na nufin an bincika ba a gano sanadi ba. Duk da haka an san waɗanda ya fi samu. Yawancinsu 'yan shekara 50 zuwa 60 ne, kuma da wuya ya kama yara. Maza da mata kusan kunnen doki suke. Shan taba, wanda ke haddasa cututtukan huhu da yawa, ba a ɗora masa laifin wannan ba, domin da dama cikin masu ciwon ba su taɓa sha ba. Wani bincike a ƙasar Iceland ya nuna kusan mutum 1 cikin 100,000 ne ke kamuwa a shekara.

Akwai kuma irin wannan ciwon da ake gano sanadinsa, kuma sai likita ya kawar da waɗannan kafin ya ce POC ne. Na farko shi ne ciwon da ya riga ya taɓa huhu, kamar mura mai tsanani, namoniya ko korona. Na biyu magunguna: amiodarone na bugun zuciya, nitrofurantoïne na ciwon mafitsara, méthotrexate da bléomycine. Na uku gashin da ake yi wa masu sankarar mama, inda ciwon kan bayyana watanni bayan an gama. Sai cututtukan da garkuwar jiki ke juya wa mai ita baya, irin su amosanin gaɓɓai, da kuma dashen ɓargo ko na huhu. Shaƙar sinadarai ma na ciki: a 1992 ma'aikatan wasu masana'antun buga zane a yankin Valencia na Sipaniya sun kamu bayan shaƙar fentin da ake fesawa, wasu har suka rasu.

Gano ciwon na buƙatar hoton ƙirji da na sikana, inda akan ga tabo a gefen huhu, wani lokaci ya ɓace nan ya ɓulla can. Akan kuma ɗebi ɗan naman huhu a duba. Kafin duk wannan, dole a gwada majina don a tabbatar ba tibi ba ne.

Dalilin yin hakan babba ne. Maganin POC shi ne kotizon, musamman prednisone, ana shan sa watanni, sau da yawa 6 zuwa 12. Yawancin marasa lafiya na samun sauƙi cikin 'yan kwanaki, amma ciwon kan dawo idan aka rage maganin. Shi kuwa kotizon yana raunana garkuwar jiki, don haka mai tibi da ya sha shi ba tare da maganin tibin ba, ƙara wa wuta fetur ya yi. Yana kuma tayar da sukari da hawan jini. Ba maganin da za a saya a hannun mai tallar magani a kasuwa ba ne, kuma ba a daina shi farat ɗaya.

Duk wanda tarinsa ya wuce mako 2 ya je asibiti a gwada shi. Idan gwajin tibi bai nuna komai ba kuma magani ya ƙi ci, ya nemi a tura shi wurin likitan huhu. Ya tafi da kwalayen duk magungunan da yake sha, da hotunan ƙirjin da aka ɗauka a baya, ko da a wata ƙasa aka ɗauke su, domin kwatanta tsohon hoto da sabo na taimaka wa likita ƙwarai.