Idan Mai Gida Ya Bugu a Kai: Yadda Za a Riƙe Gida Kafin Ya Miƙe

Hanyar da ta bar Maraɗi ta nufi Ɗan Isa da Jibiya ba ta rabuwa da babura. 'Yan kabu-kabu, masu lambun Jiratawa da suka ɗauro kwandunan tumatir da buhunan zogale, masu sammakon kasuwa, kowa sauri yake yi, kuma da yawa ba su sa hular kwano. Ranar da tsautsayi ya faɗa wa ɗayansu kai ya daki kwalta, wahalar kan gida guda take sauka, domin sau da yawa shi kaɗai ke shigo da na cefane.

A fara da ranar haɗarin. Mutum zai iya tashi ya kakkaɓe riga ya ce lafiya lau yake, alhali jini na taruwa a cikin ƙoƙon kansa. In aka ga amai, barci mai nauyi, ciwon kai da ke ƙaruwa, sambatu, farfaɗiya, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, ko ɓarin jiki ya saki, kada a jira gari ya waye. A kira 'yan kwana-kwana ta lamba 18, ko a kai shi asibiti nan take, kuma kada a jijjiga wuyansa wajen ɗauka. Kuɗin hoton kai na sikana yana da ciwo, amma jinkiri ya fi shi tsada.

Bayan sallama ne ainihin jinyar ke farawa. Ɗinki ya kame, kumburi ya sace, masu dubiya suna cewa "ai ya warke". Sai a ga ya manta inda ya ajiye kuɗi, lissafin canji ya gagare shi, jiri na ɗibarsa in ya sunkuya, surutun yara kaɗan ya harzuƙa shi. Wasu su ce lalaci ne, wasu su ce jifa ce ko iskoki, a shiga zubar da kuɗi wajen masu magani. Waɗannan alamu ne na raunin ƙwaƙwalwa. Yawancin sauƙin yana zuwa ne cikin watanni 6 na farko, wani kuma sai ya kai shekara 2 yana farfaɗowa. Don haka lissafin gida na watanni za a yi.

Babbar ɓarnar dukiya a makon farko ake yin ta. Cikin ruɗu ake jinginar da fili, a sayar da injin ban ruwa ko babur a wulaƙance, a ci bashin ruwa kan albasar da ba ta ko nuna ba. Kulawar kyauta da Nijar ta fara a 2006 ta ƙananan yara ce 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu haihuwa ta tiyata, magidanci da kuɗinsa ake duba shi. In sayarwa ta zama dole, a fara da akuya ko rago. Lambu a ba wani ɗan'uwa ya noma a raba amfani, babur a ba amintacce haya yana kawo kuɗi kullum, a kuma kafa shaidu.

Dangi su zauna da wuri, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowa ya faɗi abin da zai iya a wata, ko jaka ɗaya ce ko tiyar gero, maimakon a tara da yawa ranar dubiya a watse. 'Yan'uwan da ke ci-rani a Agadas ko Abijan su riƙa turowa ta Nita ko Al Izza a ƙayyadadden lokaci. Mutum ɗaya ya riƙe kuɗin da littafi, mara lafiyan kuma a riƙa shawara da shi, kada a maishe shi baƙo a gidansa. Uwargida da ke cikin asusun Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, tana iya karɓar ɗan rance ta ja jarin ƙuli-ƙuli ko dafaffen zogale. Irin wannan gida ya cancanci zakka, kada kunya ta hana a sanar da liman. Kada kuma a cire yaro daga makaranta don ya hau babur ɗin ubansa.

Akwai haƙƙin da ake yawan bari ya salwanta. In mota ce ta buge shi, a tabbata 'yan sanda ko jandarmomi sun rubuta rahoton haɗarin, a adana rasit da takardun likita duka, domin da su ake neman diyya wajen kamfanin inshorar motar. Ma'aikacin da ke da rajista a asusun kula da ma'aikata na CNSS ya kai rahoto ta wajen aikinsa.

Kada yunwa ta mayar da shi kan babur kafin likita ya yarda, bugu na biyu kan ƙwaƙwalwar da ba ta gama warkewa ba ya fi na farko muni. Masu lafiya kuma su sani, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular kwano mai kyau tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da har kashi 74 cikin ɗari. A saya, a sa, a ɗaure igiyarta a haɓa.